Neman shawara: gatarin Kratos nake haɗawa, silikon ya ƙi bushewa

Salam ƴan uwa. Dan Allah masu harkar zubi da POP da faiba, irin wanda ake gyaran bambar mota da shi, ku taimaki ƙaninku, wlh kaina ya ɗau zafi. Saura sati uku za a yi gasa a gidan gem ɗin da muke zuwa wajen Zoo Road, aka ce duk wanda ya zo da shigar wani jarumin gem, abin nan da ake ce wa kosfile, akwai kyautarsa daban. Ni kuma tun ina ƙaramin sakandare God of War nake bugawa a PS2, sai na ce Kratos zan yi, amma ba da wuƙaƙen sarƙar nan na da ba, da gatarinsa na gem ɗin 2018 na PS4, Leviathan, wanda yake jefawa ya dawo hannunsa. Aski ba matsala, tal kwabo zan yi, gemu ma akwai ɗan abin da ba a rasa ba. Gatarin ne ya hana ni barci.

Da farko na sassaƙa kan da farin soson nan da ake sakowa a kwalin firij, kwana biyu ina fama, ya fito tsaf. Wani ya ce in shafe shi da ruwan faiba zai yi ƙarfi. Ina shafawa wlh a gabana ya narke kamar an zuba wa sukari ruwan zafi. Na haƙura na je wajen kafintan layinmu ya yanka min wani da katako, na bi shi da fila, abin cike ramukan nan, da samfefa, na ƙwaƙule zanen jikin da kaina. Yanzu abokaina biyu ma sun ce suna so, shi yasa na ce bari in yi mol, wato mazubi mai siffar kan gatarin, in zuba uku. Na sayo silikon na tub irin na masu gilas guda huɗu na lafta masa, kaurin ya kai yatsa biyu. Yau kwana biyar kenan, sama ya bushe amma in ka danna ciki luguf yake kamar tuwon da bai dahu ba, ɗakina kuma sai warin tsami, Umma ta ce ko in fitar da shi ko ta fitar da mu tare.

Me ya hana shi bushewa? In mol ɗin ya yiwu me zan zuba a ciki, POP ko faiba? Sannan ya zan haɗa kan da ƙotar kar ya fice a tsakiyar taro?

Mai POP na Kurna: Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ɓare wannan silikon ɗin ka zubar, ko wata zai yi ba zai yi maka yadda kake so ba. Irin na tub da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, a yini guda bai fi ya ci milimita biyu zuwa uku ba, kuma da fatar sama ta kama sai ta tare na cikin. Kai kuma ka lafta yatsa biyu a cikin hunturun nan da leɓe ma tsagewa yake, ina zai samu danshi? Abin da za ka yi, ka samu sitacin masara, irin garin da ake yin kastad da shi, ka kwaɓa da silikon ɗin kusan daidai wa daida, garin ne zai kai danshi har ciki. Ko kuma ka zuba sabulun wanke-wanke na ruwa da yawa a roba da ruwa, ka matse silikon a ciki ka murza da hannu har ya daina kama ka. Duk biyun suna yi amma fa sai mai warin tsamin nan, wanda ba ya wari ba ya jin wannan dabarar. Kuma ka kwaɓa kaɗan kaɗan don mintuna kaɗan gare ka kafin ya fara tauri.

Kuskurenka na biyu da ba ka ma ambata ba, ka lulluɓe kan gabaɗaya, to ta ina za ka fito da shi? Mol ɓari biyu ake yi. Ka kwantar da kan gatarin a faranti, ka gina yumɓu ko lakar wasan yara ka binne rabinsa daidai layin kaifin, ka danna yatsa wuri huɗu ko biyar a jikin lakar ka yi ƴan ramuka, su ne za su sa ɓarin biyu su zauna daram in ka haɗa. Ka danna silikon a rabin da ke sama, ka fara da siriri ka tura shi cikin zanen sosai sannan ka ƙara. In ya kama sai ka yi masa riga da POP da zaren da muke sawa a silin, don silikon shi kaɗai lanƙwashewa zai yi ya ba ka gatari karkatacce. Sai ka kifa, ka cire lakar, ka shafe ko'ina da basilin, na maimaita ka shafe da basilin, silikon ba abin da yake kamawa kamar ɗan uwansa silikon, in ka manta sai dai ka sa reza. Sannan ka yi ɗaya ɓarin.

Amma kar ka zuba POP a matsayin gatarin, ni sana'ata ce amma gaskiya ɗaya ce, nauyi gare shi kuma faɗuwa ɗaya ya zama alli.

Mai tambaya: Oga na gode Allah ya ƙara buɗi. Wlh ban yi tunanin ta inda zan fito da shi ba sam 😭

Ɗan Fagge: Wai duk wannan wahalar ta mece ce? Ka kai katakon wajen masu zubin tukunyar alminiyam su danna shi a yashi su zuba maka, kafin la'asar ka karɓi abinka yana ƙyalli, ba fenti ba komai.

Admin: Ɗan Fagge so kake mu je beli kenan. In aka zuba shi da alminiyam ai ya tashi daga kayan wasa ya zama makami. A garin nan da ake fama da ƴan daba da masu ƙwacen waya, saurayi da tal kwabo da gatarin ƙarfe a adaidaita sahu, wa zai tsaya jin bayanin PS4? Ko na faibar ma malam ka naɗe shi a buhu ko ka sa a kwali, ka cire kan daga ƙotar in zai yiwu, sai ka shiga wurin taron ka haɗa. Kuma kar ka yi masa kaifi ko kaɗan, bakin ya zama mai kauri a dakushe. Ka tambayi masu shirya gasar ma tun yanzu ko suna barin abu mai tauri ya shiga.

Fanal bita, Kofar Ruwa: Bari in ɗora daga inda mai POP ya tsaya tunda faiba aikina ne kullum a bamba. Abin da ya cinye maka soson farko wani sinadari ne a cikin ruwan faibar, sitairin, shi ne wannan warin mai hawa kai, kuma farin soson da shi aka yi shi tun asali shi yasa yana taɓa shi yake narkewa. Fentin feshi ma haka yake masa. Da ka shafe shi da farin gam na kafinta hawa uku ko huɗu ya bushe da ya tsira, amma ya wuce.

Yanzu maganar zubi. Kar ka cika mol ɗin dam da ruwan faiba. Na ɗaya lita guda ta fi kilo, ka auna da kanka, ka cika mol ɗin da shinkafa ka juye a kofin awo ka ga lita nawa kan zai sha, sannan ka tuna a ƙarshen sanda za ka riƙe shi yini guda. Na biyu in ya yi kauri zafi yake ɗauka yana kamawa, ya tsattsage, wani lokacin har da hayaƙi, ya ƙona maka mol ɗin da ka sha wuya a kansa. Holoƙo za ka yi. Ka barbaɗa hoda kaɗan a cikin mol ka busa, ka haɗa fila da ruwan faiba ya yi kamar kunu mai kauri, ka shafa a kowane ɓari da buroshi, wannan hawan shi zai ɗauko zanen. In ya fara kamawa sai ka yayyaga tabarmar faiba ƙanana ka bi da ruwan, hawa biyu ya isa. Ka gyara gefen da reza tun yana ɗanye-ɗanye, in ya bushe sai da zarto.

Hadna kuma, wato maganin da ake ɗiga wa ruwan faiba don ya daskare, kar ka yi ta da ido kamar yadda yaran gareji suke yi. Giram 100 na ruwa, mil 1 zuwa 2 na hadna, ka sayi sirinji a kemis ka riƙa aunawa. Yanzu da ake sanyi ka iya kusantar 2, da a watan Afrilu ne da zafi ke kai 40 da na ce 1 kawai, in ba haka ba kafin ka ajiye sandar juyawa ya daskare a gwangwani. Kuma dan girman Allah a tsakar gida ko soro za ka yi ba a ɗaki ba, da safar hannu da tabarau da takunkumi, hadnar nan ɗigo ɗaya a ido ba wasa ba ne. Kar a kunna risho ko gawayi kusa, wuta yake kamawa. In za ka goga samfefa ka jiƙa ta da ruwa saboda ƙurar, in ba haka ba kwana za ka yi kana susa.

Ƙota kuwa fayif ɗin ruwa na PVC, ka zura sandar katako a ciki don kar ya yi lilo. Kafin ka haɗe ɓarin biyu ka kwantar da guntun fayif wanda ya ɗan fi na ƙotar faɗi a cikin ɗaya ɓarin ka ɗaure shi da faiba, ka karce jikinsa da samfefa mai kaushi tukuna don ya kama. Shikenan ƙotar ta riƙa shiga tana fita, ka huda ka sa noti ɗaya, ka ga maganar admin ma ta biya. Lanƙwasar nan da ƙotar Kratos take da ita, ka cika fayif da yashi ka toshe ka gasa a hankali, zai lanƙwasu ba tare da ya lotse ba, amma kaga in ka lanƙwasa sandar ciki ba za ta wuce ba sai dai gajeru ta sama da ƙasa.

Wani mamba: Allah ya kyauta. Samari da ƙarfinku kun zauna kuna ƙera gatarin roba, ku nemi sana'a mana.

Ƴar Gwale: Malam ai sana'ar ce kake gani ana koya masa kyauta, mol da faiba da fenti, masu kayan fim da masu adon biki da me suke ci? Kuma mu da muka taso muna ganin yara na manna gemun auduga suna cusa tsumma a ciki suna tashe da azumi, shigar wani ba baƙuwarmu ba ce.

Kai kuma ƙanina ni shawarata daban ce, kar mai POP da oga fanal bita su ji haushi. Sati uku gare ka kuma ba ka taɓa yin mol ba. Ni na yi wa ƙanena takobi da garkuwa na wasan makaranta da soson takalmi, irin wanda ake yin silifas da shi, EVA, a Kofar Wambai wajen masu kayan takalma na saya, akwai mai kauri akwai siriri. Ka zana a kwali ka yanka, ka ɗora a soson ka fitar da uku ko huɗu ka manne da gam ɗin masu takalmi, ka shafa a duka fuskokin ka bari ya sha iska sannan ka haɗa, ka fere bakin da sabuwar reza. Zanen jiki da ayon ɗin masu gyaran rediyo ake ƙona shi, a waje saboda hayaƙin. Ba nauyi, in ya bugi mutum ba komai, kuma da kwalin nan ɗaya za ka yanka na abokanka. Illarsa dai ba zai fito da ƙananan zane kamar zubi ba, wannan kam gaskiya ne. Ni da nice kai sai in yi na soso ɗaya in ajiye saboda tsaro, sannan in shiga gwajin mol da kwanciyar hankali.

Fenti kuma ko wanne ka yi, baƙi za ka fara fesawa, in ya bushe ka kankare bakin fensir ya zama gari ka murza da tsumma, za ka ga ya koma kamar ƙarfe. Sai ka tsarma baƙin fenti da ruwa ka shafa ka goge nan take, ya maƙale a cikin ramukan zanen, shi ke sa ya yi kamar ya sha yaƙi. In kana son alamar ƙanƙarar nan tasa ka ɗan taɓa shuɗi mai haske a bakin, kaɗan fa, kar ya koma kamar rufin keke napep. Kuma ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fesa, ƙurar hunturu ba ta da mutunci. Ƙotar ka naɗe ta da ragowar fata, a Wambai ɗin ma za ka samu yankakku.

Mai POP na Kurna: Hajiya ba haushi, maganarki a kan hanya take. Abu ɗaya zan ƙara, ƙanina kafin ka taɓa gatarin ka gwada kwaɓin a kan murfin kwalba ko makulli. Kuma ka sani mol ɗin silikon na tub ba ya daɗewa, faiba na cinsa a hankali, na farkon da ka zuba shi zai fi kyau, don haka ka riƙe shi, abokai su ɗau na baya.

Mai tambaya: Jama'a na dawo da rahoto. Jiya na ɓare tsohon, awa biyu ina kankara da cokali, wani wajen har filar ta biyo shi sai da na sake cikewa. Na gwada kwaɓin sitacin a kan makullin babur ɗin yayana, kafin a kira isha'i ya kama, har rubutun jikin makullin ya fito wlh sai da na yi ihu. Yaya dai bai ji daɗi ba don sai da ya nemi makullinsa ya rasa. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Wambai in sayo soson kamar yadda anti ta ce, ranar Asabar kuma in fara ɓarin farko a soro. Oga fanal bita, tabarmar faibar ana sayar da ita a yadi ne ko sai na ɗau nadi guda?

Fanal bita, Kofar Ruwa: Kar ka sayi komai, ragowar da nake zubarwa ta ishe ka gatari uku. Ka yi min magana ta inbox, ka taho da sirinjinka da kuma katakon in ga bakin, ina zargin ka yi masa siriri da yawa.