In hukuma ta ambaci mai kisa bayan shekaru, dole ne a yarda?

Direban Jidda:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan isha'i muka kaure da musu ni da abokin ɗakina kan Olof Palme, firaministan Suwidin da aka harbe a titi a 1986. Sai a 2020 mai gabatar da ƙara ya fito ya ce Stig Engström ne, mutumin da ya mutu tun 2000, aka rufe fayil. Ba a ga bindiga ba, ba a shiga kotu ba. Abokina ya ce tunda hukuma ta faɗa, magana ta ƙare. Ni hankalina bai kwanta ba. Da me ake auna irin wannan?

Ɗalibin Madina:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni da ma'aunin malaman hadisi nake dubawa: wa ya faɗa, ya riski abin, kuma haddarsa ta tsaya? Ɗauki kashe-kashen matan Whitechapel a Landan, 1888. A 1894 babban ɗan sanda Melville Macnaghten ya rubuta sunayen mutum uku da yake zargi: Druitt, Kosminski da Ostrog. To shi sai 1889 ya shiga aikin, ka ga ji ya yi, bai gani ba. Ya ce Druitt likita ne ɗan shekara 41, alhali lauya ne kuma malamin makaranta ɗan 31. Ostrog kuwa daga baya aka gano yana kurkuku a Faransa lokacin. Mai ruwaya irin wannan, ko da rawani ba a karɓa.

Baba Mai Shago, Makka:
Yaro, ka yi karatu, amma kada ka zubar da su duka. Ɗan sanda kan san abin da shaidu ke tsoron faɗa gaban alƙali.

Ɗalibin Madina:
Gaskiya ne Baba. Sai dai in ya sani, ya ajiye hujja mu gani, ba muƙami ba.

Hajiyar Ɗa'ifa:
Ni abin da ke ci mini rai, matacce ba ya kare kansa, danginsa ne ke kwana da tabon. A Suwidin ɗin ma ai an taɓa ɗaure wani a 1989, kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi. Mu je gida: Bola Ige, ministan shari'a sukutum, aka kashe shi a Ibadan a 2001, aka gurfanar da mutane, kotu ta sallame su. Malam Ja'afar, Allah ya jiƙansa, tun 2007 muke jira. Direba, ka tambayi abokin naka: in sunan kawunsa aka kira, zai ce magana ta ƙare?