Ina zan kai baƙina su ga teku a Legas?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Agege nake zaune, kuma yayana zai zo daga Katsina tare da iyalinsa, yaransa kuwa ba su taɓa ganin teku ba. Wani wurin da na leƙa a Lekki sai da aka karɓi kuɗin shiga a kan kowane mutum, aka karɓi na ajiye mota, aka kuma hana shiga da abincin gida, ga giya da kiɗa ta ko'ina. Ina ne mai iyali zai kai mata da yara su ga ruwa cikin mutunci, ba tare da ya kashe abin da ya fi ƙarfinsa ba?

Amsar wani dattijo daga Obalende:
Wa alaikumus salam. Ɗana, a zamaninmu wannan ba abin tambaya ba ne, domin ranar yawon Sallah Bar Beach kowa yake nufa, mai kuɗi da mai tura baro, babu ƙofa balle mai gadi. Yau an cike wurin da yashi an kafa sabon birnin Eko Atlantic a kai. Bakin tekun Kuramo da ke kusa da shi an rushe rumfunansa a 2012, bayan tumbatsar tekun da ta ci rayuka. A watan Afrilun 2024 kuma aka rushe wani sashe na wurin shaƙatawa na bakin teku mai suna Landmark a Oniru saboda babbar hanyar Legas zuwa Kalaba, wadda tsawonta zai kai kimanin kilomita 700. Abin da ya rage a wannan ɓangaren, galibinsa yana bayan katanga.

Amsar wata Hajiya daga Idi-Araba:
Malam, ka kai su Badagry. Akwai nisa, sai ku yi sammako bayan sallar asuba saboda cunkoson hanya, amma za ku sami sarari da natsuwa. A kwale-kwale ake tsallakawa zuwa tsibirin Gberefu, sannan a taka da ƙafa har bakin teku, ta hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa jiragen Turawa, don haka yaran za su ga ruwa su kuma koyi tarihi. A cikin gari akwai gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845. Ku tafi da abincinku da tabarma, kuma kada a bar yaro ya shiga ruwan, domin igiyar tekun nan tana janye ko da wanda ya iya iyo a rafi.

Amsar wani matashi mai aikin gini daga Mile 12:
Idan lokaci ya yi ƙaranci, akwai Tarkwa Bay, wanda ake zuwa a jirgin ruwa daga tashar jirgin ruwa ta CMS ko ta Falomo, kuma ruwansa ya fi kwanciya saboda shingen duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa yana kare shi. Kowa ya saka rigar kariya, a kuma dawo kafin magariba. Amma Baba, a gafarce ni, kafin a gina katangar tare teku ta Eko Atlantic, teku yana malalowa har kan titin Ahmadu Bello, katangar ce ta tsayar da hakan.

Dattijon ya sake cewa:
Gaskiyarka, yarona, na ga wannan ambaliyar da idona, kuma ban ce a bar teku ya cinye gari ba. Amma Tarkwa Bay ɗin da ka ambata, a watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka kori mazaunansa bisa zargin fasa bututun mai, har da masu ƙananan sana'o'in da ke cin abinci da zuwan baƙi. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta ce gwamna yana riƙe da ƙasa ne a matsayin amana domin amfanin dukan 'yan Najeriya, saboda haka duk wanda aka ba fili a gaɓar teku ya kamata a wajabta masa barin hanyar da jama'a za su bi kyauta su isa ruwa. Tun da gine-gine sun miƙa har Ibeju-Lekki, inda matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suke, ina ba da shawarar mu rubuta takarda ta hannun sarakunan Hausawanmu zuwa ga 'yan majalisar jiha masu wakiltar unguwanninmu, a nemi a keɓe wurare a Eleko da Badagry tun kafin a gama sayar da filayen.