Me za mu kira "queer" da Hausa?

1/ Ranar Asabar muna zaune a Gamji Gate, bakin Kogin Kaduna, mu da muke haɗuwa muna zane. Wani yaro da nake ɗauka kamar ƙanena ya miƙo min takardarsa. Bishiya ce ya zana, ganye shar, a tsakiyar gona da ta bushe ƙurmus. A ƙasa ya rubuta "queer". Ya ce, "Yaya, juya min ita zuwa Hausa, so nake wata rana Inna ta karanta." Na rasa abin da zan ce masa.

2/ A Turanci ma asalin ma'anar kalmar "baƙon abu" ne, sai ta zama zagi ga masu sha'awar jinsinsu da waɗanda halinsu ya saɓa wa abin da aka saba gani ga namiji ko mace. A 1990 wasu daga cikinsu a New York suka kafa ƙungiyar Queer Nation, suka ɗauki zagin suka mai da shi sunansu.

3/ Ba wai ba mu da kalmomi ba ne. Ɗan daudu tsohuwar kalma ce, kowa ya san su a tasha da wajen biki suna tuya da sayar da abinci, amma ta tsaya kan namiji mai ɗabi'ar mata. Luwaɗi da maɗigo sunan aiki ne, kuma da su ake tuhuma, ba wanda zai rubuta su ƙarƙashin zanensa. Mata-maza maganar halittar jiki ce. Yaron nan bai zana jiki ba, bai zana aiki ba. Yadda yake jin kansa ya zana.

4/ Wata ta ce "bare". Na ƙi. An haife shi a Tudun Wada, a nan aka yanke cibiyarsa, ina barenci? Wani ya ce "ɗan daban", amma kunne zai ji "ɗan daba".

5/ Sai na sake kallon bishiyar na gane ta. Gawo ce. Wanda ya taso a karkara ya san halinta: da damina, lokacin da kowane itace ke tofo, ita zubar da ganye take, da rani kuma sai ta yi kore. A gonar kakana wajen Zariya akwai guda biyu, bai taɓa barin a sa musu gatari ba. Dawa da gero sun fi kyau a gindinta, domin ba ta tare musu rana da damina, ganyenta kuma taki ne. Da rani awaki su ci 'ya'yanta, makiyayi ya sha inuwa. Ta saɓa wa sauran itatuwa, amma 'yar gonar ce. Garin da ke da Unguwar Rimi da Kawo ba zai yi mamakin suna daga itace ba.

6/ Don haka na zaɓi "mai halin gawo", jam'i "masu halin gawo". Akwai wani dalilin kuma, ba zan ɓoye ba. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, shekara 10 kan ƙungiya ko taimaka mata. Kalmar da ke da rufin asiri ta fi min, domin ina tsoron abin da zai sami yaron nan.

7/ An ce min tana kusa da "gawa". Na ji, amma manomi ba ya rikita su. Shi dai ya goge Turancin, ya rubuta "Halin gawo" da koren fenti, ya naɗe takardar ya sa a jaka. Inna ba ta gani ba tukuna.