Don Allah wane kayan aiki na kyauta kuke amfani da su a shafukanku?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shafi a kan WordPress da nake ɗora rubuce-rubucena na tarihi, ni kaɗai nake komai, rubutun da hoton da ɗorawar. Damuwata ita ce in ban tura linkin a Facebook ko WhatsApp ba to babu mai leƙowa, ko na rubuta kan labarin a Google ba na ganin shafina, ga kuma masu karatu suna ta ƙorafin yana nauyi a waya. Ba ni da halin ɗaukar ƙwararre. Me kuke amfani da shi wanda ba sai an biya ba?

Malam_Bature:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka buɗe Google Search Console, kyauta ne, kuma wallahi duk mai shafi da bai da shi a duhu yake aiki. Za ka tabbatar musu shafin naka ne, sai ka ba su taswirar shafin, wato fayil ɗin da ya jero duk rubutunka, WordPress da kansa yana haɗa shi tun daga sigar 5.5, ko fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, irin su Yoast ko Rank Math su haɗa maka. Akwai akwati a sama, ka liƙa adireshin wani rubutu a ciki zai gaya maka ko Google ya ɗauke shi ko bai ɗauka ba da dalili, in bai ɗauka ba akwai maɓallin da za ka danna ka roƙi su zo su duba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne wurin da yake nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya fito musu, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka danna, har na wata 16 baya. Sai ka ga rubutun da ka raina shi mutane suke nema, daga nan ka san me za ka ƙara rubutawa. Sannan ka shiga saitin karatu na WordPress ka tabbata ba a sa alama a akwatin da ke hana injunan bincike ganin shafin ba, mutane da yawa wannan ne kawai ciwonsu. In ka gama ka yi Bing Webmaster Tools, irinsa ne amma na injin bincike na Bing, yana iya kwaso bayananka daga na Google kai tsaye.

Yar_Alkalami:
Malam ya gama magana kan bincike. Maganar nauyi kuma ina kyautata zaton hotuna ne. Hoton da ka ɗauka da waya ya kan kai megabait 3 ko 4, ka ɗora shi haka ai dole mai ƙaramar data ya gudu. Ka wuce da shi ta Squoosh ko TinyPNG, ka rage faɗinsa ka mayar da shi WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, kafin ka ɗora. Ka saka adireshinka a PageSpeed Insights, mai auna saurin shafi na Google, ka duba ɓangaren waya, su abin da suke so babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Kuma don Allah ka daina kwasar hoto daga Google in kana yi, yawanci da mai shi. Akwai Unsplash da Pexels da Pixabay, tunda tarihi kake rubutawa ma Wikimedia Commons ya fi maka, sai dai ka karanta lasisin kowane hoto, mai CC BY dole ka ambaci mai shi, mai NC kuma ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba.

Tsohon_Hannu:
Duk na yarda, amma ni zan ja kunnenka kan fulogin, kar ka ji sunaye ka tara ashirin, su ma suna jawo nauyi kuma ta wanda aka daina sabuntawa ake yi wa mutane kutse. Guda ɗaya da ba na wasa da shi shi ne na ajiyar kwafi, UpdraftPlus na kyauta yana tura kwafin shafinka Google Drive ko Dropbox a lokacin da ka saita masa. Wani kamfanin hostin, wato masu ajiye shafi a kwamfutocinsu, ya taɓa samun matsala da sabarsa, kwamfutar da shafina ke kai, rubutuna suka tafi gaba ɗaya, a Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet, na riƙa tsinto wasu ɗaya bayan ɗaya ina kwafa, wanda bai taɓa adanawa ba kuwa sai haƙuri.

Ka kuma duba sunan shafin, wato adireshinsa na intanet, da sunan wa aka yi rajistarsa, in wani ya buɗe maka ka karɓi asusun da imel ɗinka yau ɗin nan. Adireshinka ya fara da https? Tun 2018 Chrome yake rubuta wa wanda bai da shi cewa ba amintacce ba ne, Let's Encrypt suna ba da satifiket ɗin tsaro da https ke buƙata kyauta kuma yawancin masu hostin dannawa ɗaya ne.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka muku da alheri. Malam na duba, akwatin nan babu alama, amma Search Console ya ce in saka wani rubutu a DNS, wato saitin sunan shafin, don tabbatar da cewa nawa ne, a wurin masu hostin zan saka ko a inda aka sayi sunan? Don ba kamfani ɗaya ba ne.