Ƙanena ya sha Kolos amma gwajin fitsari bai nuna komai ba

Salam. Ƙanena ɗan shekara 19 ya sha Kolos, ganyen nan da ake fesa wa sinadari a sayar da sunan wiwi. Daren Laraba ya yanke jiki ya faɗi a zaure, yana amai, ƙirjinsa na dukan uku-uku, yana ihu wai ana binsa. A asibiti aka ƙara masa ruwa, aka yi gwajin fitsari na wiwi, bai nuna komai ba, alhali da hannuna na ciro ƙullin daga aljihunsa.

Yau kwana biyar bai runtsa ba. Madarar da Inna ke ta ɗura masa ma aikin banza.

Don Allah wane gwaji zan roƙi likita ya yi masa da zai gano wannan sinadarin?