Mi za mu ce ma commit da Hausa kahin ran subdu?

Mushen Tawa: Salamu alaikum jama'a, ina da bukata ta gaggawa. Ran subdu ina da horo da matasa goma sha huɗu nan Tawa, zan koya musu Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen aiki cikin ordinatar, kuma da yawansu faransancin lakkwal kawai gare su, ingilishi ko babu shi sam. Bara awa biyu munka ɓata bisa commit da push kaɗai, yaro ya yi commit ya ruhe ordinatar ya tahi gida yana zaton aikinshi ya kai GitHub, shahin intanet inda ake aje aikin Git, alhali yana nan kwance cikin mashin ɗinshi. Git na bari ka laƙa ma umurni wani suna, in ka rubuta git config --global alias.tura push shi ke nan git tura na aiki daidai da git push. Na samu tura ma push, jawo ma pull, reshe ma branch. Commit ne ya tsaya mini a wuya.

'Yar Yamai: Wa alaikumus salam Mushe. Tura da reshe sun zauna. Commit kuma ai adana ne, ko ajiye

Mushen Tawa: Malama adana na riga na ba Ctrl+S, in na maimaita shi nan ruɗanin bara zai dawo. Commit ɗaukar hoton aikin ne gaba ɗaya a wannan lokacin, da sunan wanda ya yi da ranar da ɗan bayani, kuma kana iya komawa gare shi ko bayan shekara.

Ɗan Adar: Mushe kun yi nisa, amsa na cikin gona. Dami! In anka yanke hatsi ana tara zangarniya wuri guda, wannan shi ne add. A ɗaure ta ta zama dami, shi ne commit. A kai rumbu, shi ne push. Duk yaron da ya tashi Adar ya ga wannan da idonshi tun yana goye, ba sai ka yi dogon bayani ba. git tara, git dami, git rumbu, an gama

'Yar Yamai: Kai wannan ya yi daɗi wallahi

Mai gyaran ordinatar: Yaya daɗi kam ya yi amma akwai matsala biyu. In ka kai dami rumbu ya bar gona ke nan, shi ko push ba ya ɗauke komi daga mashin ɗinka, tarihin duka yana wurinka yana kuma can. Na biyu, Git na da wani umurni git bundle, wanda ke ɗaure tarihin aiki cikin fishiye guda ka sa a kile (USB) ka kai ma wani ba tare da intanet ba. Wannan shi ne dami na gaskiya, kuma da irin reson da muke hwama da shi nan yaran za su bukace shi wata rana.

Ɗan Adar: Mutum nawa ke amfani da bundle ɗin nan? Ni shekara shida ina aiki da Git ban taɓa shi ba ko sau ɗaya. Sai mu bar kalma mai kyau saboda umurnin da ba mai taɓawa?

Baban Nana: Ku yi haƙuri in sa baki. Na karanta tun daga sama, ina ganin fishiye, reso, kile, ordinatar. Kuna neman Hausa da bakin da ya cika da faransanci. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, faransanci da ingilishi harsunan aiki ne. In za a yi, a yi shi duka, har Git ɗin a nema mishi suna, kuma a kai ma masana harshe na jami'ar Abdou Moumouni su duba kafin a koya ma yara.

'Yar Yamai: Baba da girmanka, Git suna ne, kamar a ce a canza ma Toyota suna. Linus Torvalds ya raɗa mishi shi a 2005 lokacin da ya rubuta shi don aikin Linux, tsarin da ke tafiyar da ordinatar. Faransawa ma da suke da makarantar tsare harshe sun fassara saƙonnin da Git ke nunawa amma commit da push suna nan yadda suke, su ma haka suke bugawa. Kuma Mushe ran asabar yake da aji, kwana uku ya rage

Baban Nana: 'Yata, gaggawa ita ta sa kullum muke jiran gidajen rediyon waje da mutanen Kano su ƙera kalma mu ɗauka. Na'ura mai ƙwaƙwalwa daga ina ta zo muna? Mu nan ba mu da bakin ƙera tamu?

Ɗan Adar: Shi ya sa na ce dami Baba, wannan tamu ce ta gida

Mai gyaran ordinatar: Ni tsorona daban ne. Yaro ya saba da git dami, ya je Yamai neman aiki a zaunar da shi gaban mashin da ba ta da laƙabin, ya buga ta ce ba ta san shi ba. Mun taimake shi ko mun cuce shi? Su kansu masu Git sun san sunayensu na da wuya, checkout na canza reshe kuma yana maido da fishiye, shi ya sa a 2019 cikin Git 2.23 sunka hiddo switch da restore don a raba aikin biyu. Mushe ka bar checkout ma gaba ɗaya ka koya musu waɗannan.

Mushen Tawa: Wannan na ɗauka, switch koma, restore maido. Kuma kowane laƙabi zan rubuta shi a allo kusa da sunan asali, sati na biyu in cire laƙabin su buga na asalin. Saura commit har yanzu. Na yi tunanin ɗaure ko ƙulla amma allon bugunmu azerti ne babu ɗ babu ƙ, yaro zai buga daure, wannan kuma wata kalma ce daban.

'Yar Yamai: To zango fa? Ayari na tafiya, ya ya da zango, a san inda aka kwana da ranar, a tashi a ci gaba. In hanya ta ɓace a koma zangon baya. git log sai ya zama jerin zangunan da aka bi. Kuma ba baƙi mai lanƙwasa ko ɗaya a ciki

Mai gyaran ordinatar: Wannan ya kama ma'anar, zango na bisa hanyarka ne, ba ka kai gari ba tukuna, sai ka tura.

Baban Nana: Zango Hausa ce tsantsa, ba ni da ja. Maganar kai wa masana dai ban janye ta ba.

Ɗan Adar: Zango wuri ne, ba kaya ba ne, commit kuma akwai kaya cikinshi. Amma Mushe ajinka ne. Ni dai a mashin ɗina na riga na sa dami kuma ba ni cire shi.

Mushen Tawa: Na gode muku duka. Subdu zan shiga da tara, zango, tura, jawo, reshe, koma, maido. Ɗan Adar misalin gonarka zan ba da shi da baki wurin bayanin add. Merge, mai haɗa aikin reshe biyu wuri guda, ban yanke ba tsakanin gama da haɗe, gama na iya sa su zaci an ƙare aiki, haɗe kuma ga ɗ. Wanda ke da shawara ya turo kahin juma'a da dare, lokacin zan buga takardun.