Tsawon sandar zamiya a kan dusar ƙanƙara: waɗanda suka taɓa yi, ku faɗa mana

Ɗan Angwan Rogo: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu karatu a Finlan, kuma an ce ɗalibai na fita zamiyar dogon zango da hunturu, wato tafiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna a ƙafa, ana turawa da sanduna biyu. Zai sayi sanduna, sai aka tambaye shi salon da zai yi. Tsawonsa santimita 175. Yayyenmu da suka zauna ƙasashen sanyi, wane tsawon sanda kuka ga ya dace da shi?

Injiniya, Rayfield: Wa alaikumus salam. Tambayar da aka yi masa ita ce gaskiyar maganar. Salo biyu ne. A na gargajiya ƙafafu na tafiya cikin layi biyu da aka tsaga a ƙanƙara, sanda kuma ta tsaya tsakanin hammata da kafaɗa. A ɗayan ana ware ƙafa hagu da dama, sandar kan kai haɓa ko leɓe. Ga mai 175, wajen 145 ke nan a na farko, 155 zuwa 160 a na biyu. Lokacin da nake Rasha, gajeru aka ba mu haya wata rana don dogayen sun ƙare. Duk tura sai na sunkuya, sandar ta ƙare kafin ƙarfina ya ƙare. Da dare ko ruku'u da ƙyar na yi.

Maman 'yan biyu: Injiniya, ni akasin haka na gani a Norwe. Sandar maigidana na ara, ta fi ni tsawo. A fili kam daɗi, tura ɗaya ka yi nisa, kamar mai kwalekwale da gorarsa. Amma da muka zo hawa, hannuna can sama da kai, kafaɗa ta riƙe, tsinin sandar yana ta kartar ƙanƙara in zan dawo da ita gaba. Sabon shiga kada ya yi kwaɗayin doguwa.

Injiniya, Rayfield: Hajiya, ai wannan daɗin na fili shi ya jawo doka. Ƙwararru sun koma tura da sanduna biyu lokaci guda, ba sa ko taka ƙafa, suna ta ƙara tsawo. A 2016 hukumar wasan ta duniya, wato FIS, ta ce a salon gargajiya sanda ba za ta wuce kashi 83 cikin 100 na tsawon mutum ba, a auna shi sanye da takalmin wasan. Ku kalli gasar zamiya ta Vasaloppet a Suwidin, kilomita 90, na gaba-gaba da hannu suke cinye ta.

Malam Babba: Ni ban taɓa taka ƙanƙara ba, sai sanyin Jos. Amma ina hawa duwatsun Shere da sanda, kuma nakan rage ta in zan hau, in ƙara in zan sauka. Ku gaya wa yaro kada ya auna da irin tamu, tamu gwiwar hannu take bi.

Ɗan Angwan Rogo: Allah ya saka, Malam. Wai ma akwai ɗan Najeriya a wasan?

Maman 'yan biyu: Akwai, Samuel Ikpefan, ya wakilce mu a gasar Olamfik ta hunturu a Beijin a 2022. Ƙanenka dai ya fara da haya, ya gwada 145 da takalmin a ƙafarsa kafin ya fitar da kuɗi.